'Yan Lifidin Mishigan

Ganyen bishiya ne ya fara ruɗa ni, tun kafin a kai ga maganar ƙarti. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Mishigan ya ɗauko ni daga filin jirgin Detroit cikin watan Oktoba na 2022, muka miƙa yamma zuwa garin Ann Arbor, tafiyar da ba ta wuce daga Gyadi-Gyadi zuwa Wudil ba. Dama da hagu daji ya yi ja, ya yi rawaya, ya yi ruwan goro, kai ka ce 'yan Kantin Kwari ne suka shanya atamfofinsu a kan itatuwa. Na tambaye shi ko wata cuta ce ta shiga dajin. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kakarsu ke nan. Nan da wata ɗaya duk za su zube, sai rassa tsirara." Na ce to, mu ma muna da gawo mai zubar da ganye da damina, amma shi bai taɓa yin kwalliya kafin ya tuɓe ba.

Sanyin kuma wani iri ne. Rana ta fito tar, ka ga haske ko'ina, ka shiga cikinta don ka sha hantsi, sai ka ji kamar ka tsaya gaban fitilar firji. Hunturunmu yana zuwa da hazo da fason ƙafa, yana yi maka sallama tukuna. Nasu ba ƙura ba hazo, sai dai ka ji kunnuwanka sun bar jikinka. A harabar jami'ar na ga kuregu sun yi ɓul-ɓul, suna tare mutane a hanya suna miƙa hannu kamar masu bin bashi. Na tuna yaran Tarauni da dankonsu, na ce wa kuregun a raina ku gode Allah da nisan ƙasa.

Ranar Asabar, 15 ga wata, kiɗan ganguna ne ya tashe ni. Na leƙa taga sai na ga titi ya cika da mutane, yaro da babba, tsoho mai sanda da jariri a keke, kowa cikin rawaya da shuɗi, duk sun nufi hanya ɗaya kamar ranar Hawan Daushe. A filayen ajiye motoci kowa ya buɗe bayan motarsa, ya kafa rumfa, ya hura gawayi, ya zama mai tsiren kansa. Hayaƙi da ƙamshin nama sun cika unguwa tun ƙarfe tara na safe. Wata dattijuwar Baturiya ta ga hulata, ta yi mini murmushi, ta miƙo mini faranti. Ɗana ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, a yi hattara, alade ne." Muka yi godiya muka ba ta haƙuri. Ba ta ji haushi ba, sai ta zubo mini ruwan tuffa mai zafi da aka dafa da kirfa, ta haɗa mini da wani fanke mai rami a tsakiya wanda aka birkiɗa cikin sukari. Har yau idan na ji ƙamshin kirfa a shayi, wannan safiyar nake tunawa.

Filin wasan suna kiransa Babban Gida. Da muka iso bakinsa na raina shi, don daga waje bai yi mini wani tsawon a zo a gani ba. Sai da muka shiga wata ƙofa, muka fito ta ɗaya ɓangaren, ƙasa ta ɓace daga gabana. Ashe rami aka haƙa, a shekarar 1927, aka jera benci zagaye da shi tun daga gindi har baki, kamar ƙatuwar akushi. Wurin zama 107,601. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, inda muke zuwa ihun Sai Masu Gida, bai kai kashi ɗaya cikin huɗunsa ba. An rubuta wa kowa lambarsa a kan benci, amma wurin da aka ware wa mutum ɗaya bai fi na bas ɗin Unguwa Uku ba, kafaɗa na gugar kafaɗa. A nan kaɗai na ji ɗumi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk wannan taro na makaranta ne. Ɗalibai ne za su yi wasa da ɗalibai, Jami'ar Mishigan da ta Penn State, kamar a ce Bayero za ta kara da Ahmadu Bello sai mutum dubu ɗari su sayi tikiti, gidajen talbijin su watsa wa ƙasa baki ɗaya. Mai horar da Mishigan a lokacin, Jim Harbaugh, albashinsa ya haura dala miliyan 7 a shekara. Na tambaya nawa ne na malamin da ke koya wa ɗana lissafi. Ya ce, "Kawu, mu bar maganar."

Sun ce sunan wasan ƙwallon ƙafa, amma na daɗe ina jira ban ga ƙafa ta taɓa ƙwallo ba sai jefi-jefi. Ƙwallon ma ba ta da siffar ƙwallo, kamar gwanda take mai tsini biyu, idan ta faɗi ƙasa ba wanda ya san inda za ta nufa. Ya fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya-ɗaya ne. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu su ci yadi goma na fili, in sun ci a sake ba su huɗu, har su kai ƙarshen fili su sami maki shida. Yadi goma dai, wato shaddar babbar riga da 'yar ciki da wando. Kuma ga abin dariya: ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, filin da kyamara ke yawo a kan igiya sama da kan 'yan wasa, idan aka yi gardama sai ka ga wasu dattawa sun rugo da sanduna biyu da sarƙa a tsakaninsu suna gwaji a kan ciyawa, kamar tela da abokin cinikin da bai yarda da shi ba. Wasan kansa daƙiƙa biyar ko shida ne, sai a busa usur, kowa ya tashi ya kakkaɓe jiki, su haɗa kai su yi 'yar majalisa, su dawo. Minti 60 ne a agogonsu, amma ya ci mana fiye da awa uku. Da sha biyun rana aka fara, lokacin a Kano ƙarfe biyar ta yi, masu shayin Court Road sun fara hura wuta.

Na yi kusan rabin awa ina bin ƙwallo da ido ina ɓatar da ita. Sai ɗana ya dafa ni ya ce, "Kawu, rabu da ƙwallon nan. Dubi mai lamba 55. Shi za ka bi."

A gaban masu riƙe da ƙwallo akwai mutum biyar da ke durƙusawa a jere, kafaɗa kusa da kafaɗa. Ban taɓa ganin bil'adama irinsu ba. Kowane ɗaya ya kai kilo 140, buhun shinkafa uku ba kaɗan, wuya ya haɗe da kafaɗa, cinya kamar turmi. Sun sa kwalkwali mai shingen ƙarfe a fuska, an cusa musu matashi a kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, gwiwoyinsu ɗaure da ƙarafa. Ina ganinsu sai 'yan lifidin Sarki suka faɗo mini a rai, waɗannan da ke fitowa ranar hawa su da dawakinsu a naɗe cikin auduga, waɗanda a zamanin yaƙi aikinsu shi ne su sha kibiya don kada ta sami na bayansu. Aikin ke nan daidai. A bayan biyar ɗin nan akwai wani siririn yaro mai jifa, da wani mai gudu da ƙwallo. A gabansu kuma wasu ƙarti ne da ba su da buri a duniya sai su danne mai jifan nan. Biyar ɗin su ne ganuwa. In za a yi jifa su ja da baya su tare, in za a yi gudu su tura gaba su buɗe ƙofa.

Mai lamba 55 shi ne na tsakiya. Shi kaɗai ne cikin biyar ɗin yake taɓa ƙwallo, shi ma rabuwa da ita yake yi: ya sunkuya, ya wurga ta baya ta tsakanin ƙafafunsa ba tare da ya waiwaya ba, kafin ya ɗago kai wani mai nauyinsa ya riga ya faɗo masa. Kafin nan kuma sai ka ga ya ɗaga kai yana nuna wannan yana nuna wancan da yatsa, yana yi wa 'yan'uwansa ihu. Ɗana ya ce rabon aiki yake yi, yana karanta tsayuwar abokan gaba yana faɗin wa zai tare wa, duk cikin 'yan daƙiƙu, mutum dubu ɗari na ihu a kansa. Sannan ƙarar haɗuwarsu. Daga can sama inda muke nake jin ta, ƙwas, kamar ragunan layya goma sun yi karo lokaci ɗaya. Na kalli dambe, na kalli kokawar Nijar ta neman takobi a talbijin, amma ɗan kokawa sau ɗaya yake kamawa a raba. Waɗannan sau sittin ko saba'in suke yi a yini, da mutumin da ke gabansu, ba gaba ba ƙiyayya, wani lokaci ma wanda ya kayar shi ke miƙa wa na ƙasa hannu.

"Ka san sunansa?" in ji ɗana. "Olusegun Oluwatimi."

Na juyo na dube shi. Ya ce bai gama ba, in jira Penn State su karɓi ƙwallo in dubi mai lamba 74 a ƙarshen layinsu na hagu, wanda ke tsare bayan mai jifa, ɓangaren da ba ya gani. Olumuyiwa Fashanu. Olu biyu, dukansu jinin Nijeriya, dukansu tashin jihar Maryland, kowa ganuwar makarantarsa. Na yi tafiyar dubban kilomita don in ga abin da ban taɓa gani ba, na tarar da sunayen da nake ji kullum a Sabon Gari. Ya ƙara mini da Chukwuma Okorafor, wanda aka haifa a Nijeriya, ya isa Amurka a 2010, ya koyi wasan da girmansa, ya yi wa Jami'ar Yammacin Mishigan irin wannan aiki har ƙungiyar Pittsburgh ta ɗauke shi a 2018. Na karanta takardar sunayen 'yan wasan ranar daga sama har ƙasa ina neman Garba ko Ɗanladi. Ban samu ba.

Labarin mai lamba 55 ya nuna mini yadda sana'ar take. A 2017 ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan sama, bai buga ko wasa ɗaya ba. Ya koma Jami'ar Birjiniya a 2018 ba tare da an yi masa alkawarin ɗaukar nauyin karatu ba, kuma dokar wancan lokaci ta sa ya zauna shekara guda yana atisaye ba ya shiga fili. Shekara biyu ke nan ana tura shi yana turawa, ba wanda ya gani sai masu horarwa. Daga 2019 zuwa 2021 ya riƙe tsakiyar layin Birjiniya, ya kammala digirinsa, sannan ya taho Mishigan don shekararsa ta ƙarshe. A wurinsu a lokacin ɗalibi kaka huɗu yake da ita ta wasa, sai dai annobar korona ta sa aka ƙara wa 'yan lokacin guda. Ladan da aka saba biyansu shi ne karatu kyauta da ɗaki da abinci. Sai a watan Yulin 2021 aka yarda su karɓi kuɗin talla da sunansu, bayan shekara da shekaru makarantu na tara miliyoyi a kansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ashe ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne.

Doka ma kamar da gayya aka rubuta musu ita. Lambarsu daga 50 zuwa 79 ce, kuma mai irin wannan lamba an hana shi cafe ƙwallon da aka jefo gaba. Idan ya durƙusa ba zai motsa ba sai ƙwallo ta motsa, ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci. Ya ɗan zabura, an ci tarar ƙungiyarsa yadi biyar. Ya riƙe rigar abokin karawa, yadi goma. Alƙalin wasa ba ya ɗaga kati, wani ƙyalle rawaya yake cirowa daga ƙugu ya jefar a ƙasa, sannan ya kunna lasifikar da ke jikinsa, ya fuskanci jama'a, ya faɗi laifin da lambar mai laifin. To wannan ne lokacin da filin ke jin labarin ɗan lifidi. In ya yi daidai sau saba'in, shiru. Na ce wa ɗana wannan ai aikin mai gyaran lasifikar masallacin Juma'a ne, ba a san da shi ba sai ranar da ta yi ƙara.

Bayan hutun rabin lokaci Penn State suka shiga gaba da maki ɗaya, 17 da 16, filin ya yi tsit har ina jin iska. Sai aka miƙa wa wani yaro Donovan Edwards ƙwallo. Wannan karon ban bi shi ba, layin na kalla. Na ga biyar ɗin sun tashi kamar mutum ɗaya, kowa ya sami nasa, aka ture wannan ciki aka danne wancan, sai ga wata kafa ta buɗe wadda ko adaidaita sahu za ta wuce. Yaron ya bi ta ciki, yadi 67, har gida. Ba a jima ba Blake Corum ya yi nasa, yadi 61. Benci ya yi ta rawa a ƙarƙashina, wani ƙaton Bature da ban sani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. Babban allon filin ya nuna fuskar mai gudu, ya sake nunawa, aka kira sunansa. Can sai ga ƙartin sun iso a guje suna haki, tumbi na rawa, suka ɗaga shi sama kamar jariri. An tashi 41 da 17. A ranar Mishigan ta ci yadi 418 da gudu kawai, kuma a takardar lissafin wasan ba ko yadi ɗaya a gaban sunan mai lamba 55.

Da daddare ɗana ya kai ni Dearborn, garin Larabawa da ke kusa da Detroit, inda muka sami naman halal da gurasa mai zafi da masallatai har da ladanci a kan lokaci. A kan abincin ne ya ba ni labarin cin 'yan layin nan. Wannan ƙiba aiki ce, ba gado ba ce ga yawancinsu. Ana auna su a sikeli kamar shanun Wudil, wanda ya rage a yi masa faɗa. Su ci da asuba, su ɗaga ƙarfe, su ci, su shiga aji, su ci, su yi atisaye, su zauna kallon hoton wasan abokan gaba suna haddace motsin kowa, su ci su kwanta. Ya nuna mini hoton wani Joe Thomas, wanda ya yi wasa a Jami'ar Wisconsin sannan ya yi wa ƙungiyar Cleveland karo 10,363 a jere ba tare da ya fita ko sau ɗaya ba. Ga shi lokacin wasa kamar rumbu, ga shi bayan ya aje, ya zube ya zama wani mutum dabam, ko matarsa sai ta duba da kyau. Wasu kuma ba sa iya sauke nauyin, sai ya bar su da hawan jini da ciwon gwiwa da na baya. Akwai kuma cutar ƙwaƙwalwa da likitocinsu suka gano tana bin yawan karon kai, ko da kwalkwali. A nan ne na ji daɗin ya ragu mini. Yaro ɗan shekara ashirin ya jinginar da gwiwarsa da kansa, alhali cikin ɗari ba a samun biyu da ke tsallakawa zuwa gasar ƙwararru. Sauran su karɓi digiri su nemi aikin ofis, suna ɗingishi a matakala.

Amma ba zan yi musu ƙarya ba, sun san darajar mutanen nan ta wata hanyar. Gerald Ford, shugaban Amurka daga 1974 zuwa 1977, wannan gurbi na tsakiya ya riƙe wa Mishigan, har aka zaɓe shi gwarzon ƙungiyar a 1934. Akwai kofin da ba a ba mutum ɗaya, sai layin gaba ɗaya, mai suna Joe Moore, nauyinsa ya haura kilo 350, an yi shi ne yadda sai an taru za a ɗaga. Mishigan ta ɗauke shi a 2021, ta sake ɗauka a 2022. A watan Disamba, ina zaune a ƙofar gida a Gyadi-Gyadi na yafa bargo, saƙon ɗana ya shigo waya: an ba Oluwatimi kofin Rimington na gwanin tsakiya, an haɗa masa da na Outland, wanda ba ɗan Mishigan da ya taɓa ɗauka kafin shi. Duk da haka, da ƙungiyoyin ƙwararru suka zo zaɓen sababbin 'yan wasa a 2023, sai da aka kira mutum 153 kafin Seattle ta kira shi. Fashanu ya ƙara shekara a makaranta, a 2024 ƙungiyar Jets ta New York ta ɗauke shi na 11.

Na yi ƙoƙarin ba da wannan labari a teburin mai shayi. Wani abokina ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "To Malam, shi wannan Olun, ƙwallo nawa ya ci?" Na ce ko ɗaya. Ya ce, "A shekara shida?" Na ce a shekara shida. Ya ce, "Kuma aka ba shi kofi?" Teburin ya fashe da dariya, mai shayi har da dafa tukunya.

Ban yi musu ba, don na san inda muka taso. A filin firamaren unguwarmu kowane yaro lamba tara ko goma yake so. Yaron da Allah ya ba jiki kuwa gola ake tura shi, tsakanin duwatsu biyu, in ba ƙwallon tasa ba ce. Akwai wani a layinmu, shekararsa ba ta fi sha shida ba, ya fi ƙofar shagonsu tsawo, yana tura kurar ruwa mai jarka goma sha biyu daga rijiyar burtsatse har cikin Tarauni ba ya tsayawa hutu. Ina kallon yadda yake sunkuyar da ƙugu ya kafa ƙafa idan ya zo hawa kwalbati, gajerun taku, baya a miƙe. Abin da na ga ana ba mutane digiri kyauta a kansa ke nan. Na taɓa tsayar da shi na ce, "Yaro, kilo nawa kake?" Ya ce, "Baba, ban taɓa hawa sikeli ba. Ruwa za a kawo?"

Makon jiya na shiga gidan kallo a Zoo Road, ana wasan Ingila, ɗaki ya cika har ƙofa, fanka na juya zafi. Ban ankara ba ashe idona ya bar ƙwallo, ya koma kan wani mai tsaron baya da ke ta nuna wa 'yan'uwansa wurin tsayuwa da yatsa, yana ja da baya, yana tare wani da kafaɗa can nesa da inda ake wasa. Sai da ɗakin ya ɗauki ihu, benci ya kife, na dafa na kusa da ni na ce, "Ɗan'uwa, wa ya ci?"